Ƙorafin da Na Ɓoye wa Goggo

Da hannuna na gina shagona na intanet, kuma a shekarar farko duk wanda ya zauna kusa da ni na minti biyar sai ya ji wannan maganar. Na gama karatun kwamfuta a nan Talata Mafara, na zauna gida wata da watanni ina aika takardun neman aiki, ba wanda ya ce mini ci kanki. Abin da na mallaka a lokacin kwamfuta ce ta hannu wadda batirinta ba ya kai awa guda, sai kuma taurin kai da kowa a gidanmu ya shaide ni da shi. Da su biyun na zauna a barandar gidanmu, jikin katanga inda sabis ya fi ƙarfi, ina kallon bidiyon koyarwa ina gwadawa, ina ɓatawa ina sakewa. Na sayi sunan shafi, na kama hayar wurin da shafin zai zauna na shekara guda. Na shirya gurbin hotuna, da kwandon da mai saye zai zuba abin da ya zaɓa, da hanyar biya ta banki. Ranar da shafin ya buɗe a wayar mahaifiyata na rangaɗa guɗar da ta watsa kajin gidan.

Abin sayarwar kuwa ba nawa ba ne. Shinkafa ce 'yar gida, ta ƙanwar mahaifina da ke zaune a Bakura, wadda duk muke kira Goggo. Tun kafin a haife ni take wannan sana'a. Takan sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, daga manoman Bakolori ta wajen Maradun. Ta jiƙa ta, ta turara a rabin duro, ta shanya a kan tamfol a tsakar gida har ta bushe, sannan a kai injin casa. In an dawo da ita ta sheƙe, ta zauna ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. A kasuwar Bakura mata ba sa duba shinkafarta, sai dai su miƙa buhu a zuba. Kwanon awo kawai suke kallo, shi ma don al'ada.

Da na je mata da maganar shafin, ta saurare ni har na gama, tana ɓare gyaɗa.

"Kasuwa cikin waya," ta ce. "To ina mutanen ka zama?"

Na ce ba sa zama, Goggo, suna gidajensu a Kaduna da Abuja da Legas, su ga hoto su biya, ni kuma in kai tasha direba ya kai musu.

"Ba gaisuwa, ba tayi?"

Na ce babu.

"Allah shi kyauta. Ke 'yar boko ce, ke kin sani. Ni dai shinkahwa ce tawa."

Ta yarda, amma ta ce hotonta ba zai yi yawon duniya ba. Da ƙyar ta bari na ɗauki hannuwanta suna baza shinkafa a kan tamfol, da zoben azurfarta da lallen da ya fara koɗewa. Wannan hoton na sa a fuskar shafin, na rubuta a ƙasansa da manyan baƙaƙe: shinkafar Goggo ta Bakura. Ban sa ainihin sunanta ba, amma duk ɗan Bakura da ya gani ya san hannun wace ce. Ni kaina na san da haka, shi ya sa ma na yi. Da sunanta na buɗe shagon, ba da nawa ba. Ni wa ya san ni?

Rani ya yi mana kyau. Kullum bayan karin kumallo sai in buɗe shafin baya, wanda ni kaɗai nake shiga, in ga ko an yi oda. Wani lokaci babu, wani lokaci biyu, ranar da Allah ya yi mini gyaɗar dogo har huɗu. In rage yawan kayan da shafin ke nunawa, in kira mai sayen in tabbatar da tashar da za a sauke masa, in hau mota zuwa Bakura in ɗauko. Na sayi ƙaramin injin liƙe leda da ledoji masu kauri, na buga takarda mai hoton hannun Goggo ina mannawa. Kilo biyar biyar nake ɗaurawa, su fito sumul kamar kayan kanti. Goggo ta juya guda ɗaya a hannunta ta ce shinkafa ba ta son a toshe mata numfashi, buhu ya fi. Na yi dariya na ce mutanen birni ba sa son buhu. Da yake lokacin zafi ne, shinkafar a bushe take ƙarau, babu abin da ya faru, ni kuma na ɗauka na fi ta sani.

Abubuwa biyu na ƙara a shafin saboda na ga manyan shaguna suna yi. Na farko, gurbin da mai saye zai rubuta ra'ayinsa ya ba da tauraro daga ɗaya zuwa biyar, kowa ya gani. Na biyu, wani layi da na rubuta da jan rubutu a saman shafin, cewa duk wanda ya saya za a aika masa kayansa cikin kwana biyu. Ban tambayi Goggo ba kafin in rubuta shi. Ban tambayi kaina ba ma, wace ce ni da zan yi wa rana alkawari.

Sai damina ta sauka sosai. A tsakiyarta wata mata daga Kaduna ta sayi leda biyar a tashi ɗaya, oda mafi girma da na taɓa samu. Da na kira ta, sai na ji Hausarta irin tamu ce. Ta ce ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, a Mafara aka haife ta lokacin da mahaifinta ke aiki a ma'aikatar noman rani. Mahaifiyarta ce ta tashi daga doguwar jinya, ba ta son cin komai, kullum maganarta tuwon shinkafar Mafara. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, jibi kayanta na hanya.

Da na ajiye wayar na tuna busasshiyar da ke hannuna ta ƙare tun shekaranjiya, kuma na manta ban rage a shafin ba.

Washegari na sauka Bakura da sassafe. Shinkafa tana kan tamfol a rumfar Goggo, ba a tsakar gida ba, domin kwana biyu ke nan rana ba ta fito da ƙarfi ba. Ranar ta leƙo a shanya, hadari ya taso a kwashe. Na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ta duƙa ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta murje ɓawon da yatsa, ta sa a haƙori ta ciza. Haka take gwadawa kullum. In ta bushe, za ka ji ta karye ƙas. Wannan ba ta yi ƙara ba.

"Ba ta yi ba," ta ce. "Sai ta ƙara shan rana biyu."

Na ce Goggo na yi alkawari, a rubuce yake a shafi, kwana biyu.

"Wa ya yi alkawarin, ke ko rana?"

Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya tsayawa. Na ce mata kasuwar intanet ba kasuwar Bakura ba ce da za a ce wa mutum ya dawo wani mako. Na ce mutum ɗaya ya rubuta cewa muna saɓa alkawari, shi ke nan shago ya mutu. Na ce leda ce mai kauri, iska ba ta shiga, me zai same ta? Na jero mata kalmomin da na san ba ta sani ba, da gangan, don ta yi shiru. Ta dube ni, ta dubi shinkafar, ta ce in haka na gani to. Mai injin casa ma da muka kai masa sai da ya yi gunaguni cewa tana liƙe masa a inji, na ce ya yi aikinsa. Da la'asar na liƙe ledoji biyar na manna musu hannun Goggo, da safe na kai tasha.

Ba su isa da wuri ba. Motar ta kwana a Gusau, aka sauya musu wata, suka yi kwanaki a bayan mota da ɗakin ajiya na tasha cikin zafi. Ranar da matar ta karɓa ban ji daga gare ta ba. Kwana biyu bayan haka na buɗe shafin baya da safe kamar kullum, ina kurɓar kunu, na ga sabon ra'ayi. Tauraro ɗaya, da hoto. A hoton ledar ta yi gumi ta ciki, shinkafar ta dunƙule, ta yi fumfuna kore a kusurwa, kuma ga hannun Goggo a manne a kai. Abin da ta rubuta bai yi tsawo ba. Ta ce ta buɗe a gaban mahaifiyarta, wari ya cika ɗakin. Ta ce wannan tsohuwa da ake nuna hannunta ta ji tsoron Allah, kada ta sayar wa mutane abin da ba za ta ci ba.

Na ture kunun gefe. Ba ni ta zaga ba, ba ta ma san da ni ba sai a matsayin muryar da ta kira ta. Goggo ta zaga, matar da ta ce ba ta yi ba. Kuma rubutun yana nan a fili tun daren jiya, ƙarƙashin hoton, inda duk ɗan Bakura da ke birni zai iya gani ya kira gida.

To ni na gina shafin. A gefen kowane ra'ayi akwai maɓallai biyu da ni na sa su da kaina, ɗaya na ɓoyewa, ɗaya na gogewa. Ban yi dogon tunani ba na danna na ɓoyewa. Rubutun ya ɓace daga idon duniya, ya rage a shafin baya inda ni kaɗai nake ganinsa. Na gaya wa kaina don Goggo na yi, don in kare mata suna. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Tsoro nake ji kada ta sani. In ta ji na jawo mata zagi a gaban mutanen da ba ta taɓa gani ba, za ta iya cewa ta daina ba ni shinkafa, kuma da hakkinta. In ta daina, shagona ya zama hotuna kawai. Abin da ya fi wannan ci mini rai, ban san da wane ido zan sake shiga gidanta ba.

Kwana uku na yi ina kewaye wayata. Matar ta kira sau biyu ban ɗauka ba. A rana ta huɗu wata oda ta shigo, dole na tafi Bakura.

Rana ta fito ranar, tsakar gidan Goggo cike da shanya. Muka gaisa, ta tambayi mahaifina da mahaifiyata da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta kawo mini fura. Ban kai rabin kwanon ba ta ce, "Waccan ta Kaduna, ta isa lahiya?"

Na ce ta isa.

"Ba isa nit tambaye ki ba. Lahiya nic ce."

Na ajiye ludayin. Na fara da laifin direba, na koma kan damina, na ga tana kallona ba ta ko ƙiftawa, sai na bar kewaye-kewaye na fito da waya na nuna mata hoton. Ta karɓa ta nisanta shi da idonta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce in karanta mata abin da aka rubuta. Na karanta, na tsallake layin ƙarshe. Ta ce rubutun da take gani ya fi abin da na karanta tsawo. Na karanta duka, har da tsoron Allah.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Yanzu wanga magana kowa na ganin ta?"

Na ce a'a, na ɓoye, ba wanda zai gani. Na faɗa da ɗan ƙarfin gwiwa, ina tsammanin za ta ji sanyi.

"Kin ɓoye ina?"

Na yi mata bayanin maɓallin. A nan ne fuskarta ta canza.

"Ke! Mace ta saye kayana, ta taras da ɓarna, ta zo gaban ƙwaryata tana faɗa, sai in sa hannu in toshe mata baki? Shekara nawa ina zama kasuwa, kin taɓa jin na yi haka? Wadda duk ta zo da ƙorahi, a gaban mutane taka yin shi, a gaban mutane nika ba ta haƙuri. Waɗanda ka tsaye suna kallo, su ne za su dawo su saye gobe. Maida mata maganarta inda ta aje ta."

Na ce Goggo sunanki ne zai ɓaci.

"Ya riga ya ɓaci wurin mutum guda, kuma tana da gaskiya. Maida."

Na mayar, tana kallon yatsana. Sannan ta ce in kira mata matar.

Goggo da hannu biyu take riƙe waya, tana ɗaga murya kamar mai magana da na bayan katanga. Matar ta ɗauka da sanyin murya, ta ga lambata ce. Goggo ba ta ambaci shinkafa ba. Ta yi sallama, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta tambayi yara, ta tambayi ruwan damina a wajensu, sannan ta ce ina mai jiki, tana samun cin abinci kuwa? Ina jin matar tana amsawa a gajarce da farko, sai amsoshin suka fara tsawo. Sai da aka gama wannan duka Goggo ta ce ita ce mai hannun nan na jikin leda, ta kira ne ta ba da haƙuri, abin da aka aika bai kamata ya fita daga gidanta ba. Ba ta ce ɗiyar wanta ce ta matsa ba. Ko sau ɗaya ba ta ambace ni ba, ina zaune a gabanta ina jiran ta ambata.

Matar ta ce, "Mama, ban san ke da kanki za ki kira ba." Ta ce ta yi rubutun ne cikin fushi, saboda yadda ta ga fuskar mahaifiyarta. Daga nan ta miƙa wa mahaifiyar tata wayar, ita da Goggo suka shiga hirar kasuwar Talata ta da, da layin masu albasa, da wani rafi da ake wanki a cikinsa wanda ni ban ma san shi ba. Na tsoma baki na ce zan mayar da kuɗin, matar ta ce a'a, shinkafar take so. Goggo ta ce za a aiko, amma ba gobe ba, sai ranar da ta bushe, kuma a buhu. Matar ta ce za su jira.

Da aka kashe wayar na ce bari in rubuta amsa a ƙarƙashin ƙorafin, kowa ya san yadda aka yi. Kafin nan na shiga na goge jan layin nan na kwana biyu, na rubuta cewa da damina sai shinkafa ta bushe muke aikawa, kuma za a kira mai saye a faɗa masa ranar. Sannan na zauna bakin tamfol na rubuta amsar. Na ce abin da wannan baiwar Allah ta faɗa gaskiya ne. Na ce ni mai kula da shafin ni na ɗaure shinkafar da danshi a cikin leda don in cika alkawarin da na yi ba da shawarar kowa ba. Na ce Goggo ta hana ni na ƙi ji, don haka ba ta da laifin komai. Rubuta shi ya yi mini ɗaci, amma na ji wani nauyi yana sauka, har ina ɗan yaba wa kaina.

Na karanta mata. Ta ce in sake. Na sake.

"Cire na ƙarshen nan," ta ce.

Na ce wanne?

"Inda kic ce ban da laihi. Ƙarya ce, kada ki aje ƙarya ƙarƙashin hannuna. Na ciza da haƙorina, na ji ba ta yi ba. Shinkahwa tawa ce, gida nawa ne, da na ce ba ta hita, da ba ta hita ba. Kunyarki nij ji. Kin zo da maganar boko, na ce kada in zama tsohuwar da ta tare ma ɗiyarta hanya. Rubuta haka: Goggo ta san ba ta bushe ba, ta bari anka ɗauka, ita ma tana ba da haƙuri."

Na ce Goggo don Allah, ni na yi, ki bar ni in ɗauka.

"Ɗauki naki. Wanga nawa ne."

A nan hawayen da na riƙe tun safe suka zubo. Na zo ina tsoron ta janye sunanta daga shagona, sai ga ta tana sa shi a ƙarƙashin laifina da bakinta. Na gode wa mutane da yawa a kan wannan shago, direbobi da masu saye da mahaifiyata da ta sha ba ni aron wayarta, amma godiyar da nake yi wa wannan tsohuwa daban ce, kuma ban taɓa iya faɗa mata ita yadda take a raina ba. Na rubuta abin da ta ce, ban canza ko kalma ɗaya ba, na danna ya hau shafin.

Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce in ajiye wayar nan in zo in taya ta juya shanya, akwai buhu biyu da za ta auna mini kafin la'asar.